Tambayoyi da amsoshi kan yarjejeniyar sayen gida da fili

Yawancin rigingimun gida da fili da ke ƙarewa a gaban alƙali sun fara ne cikin fara'a. Mutum biyu sun yi musafaha sun rabu, kowa na ganin magana ta ƙare, alhali abin da ɗaya ya fahimta daban, na ɗayan daban, kuma babu wanda ya san daidai lokacin da doka ta fara ɗaure shi. A kan wannan gaɓar tambayoyin nan suka fi yawa. Kowace ƙasa da dokarta, a wasu wuraren ma kowace jiha, amma ginshiƙan sun yi kama da juna, kuma wanda ya san su zai san abin da zai tambayi lauyansa kafin kuɗi ya bar hannunsa.

Me ke mayar da magana ta zama yarjejeniyar da kotu za ta tsaya a kanta?

Sai ɓangare ɗaya ya yi tayi bayyananne, ɗayan ya amince da shi yadda yake ba ragi ba ƙari. Sai kuma a sami abin musaya, wato gida daga wannan hannun, kuɗi daga wancan. Dole su biyun su kasance da hankalinsu, sun kai shekarun da doka ta yarda su ƙulla ciniki, wanda a yawancin ƙasashe 18 ne, kuma da yardarsu suka shiga ba da tilas ba. Abin da ake cinikin ma ya zama doka ta halatta sayar da shi. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ga ba baƙon abu ba ne, domin ijabi da ƙabuli da sanin abin sayarwa da farashinsa duk suna nan a babin ciniki.

A harkar ƙasa, wato gida ko fili, akwai abu uku da ba a barinsu a dunƙule: su wane ne ke cinikin, wane gida ko fili ne takamaimai, nawa ne kuɗin. Takardar da ta ce “za mu daidaita farashi daga baya” yawanci kotu ba ta ɗaukarta a matsayin ciniki, domin ba aikin alƙali ba ne ya yanka wa mutane farashin da su da kansu ba su yanka ba.

Na ga tallar gida da farashinsa, na kira na ce na saya. Mai gidan ya ɗauru?

Bai ɗauru ba. Talla gayyata ce ga masu sha'awa su zo su taya. Kai ne ka yi tayin da ka kira, shi kuma yana da damar sallamawa ko ya ce albarka, ko da kuɗin da ka ambata shi ne wanda ya rubuta a tallar.

Ya faɗi kuɗinsa, na rage, ya ƙi. Zan iya komawa kan farashinsa na farko in ce na karɓa?

Ka iya nema, amma ba dole ne ya yarda ba. Da zarar ka mayar masa da wani farashi, tayinsa na farko ya mutu, naka ne ya maye gurbinsa. Wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1840 ita ake koyar da ɗaliban lauya a kan wannan. Wrench ya ce zai sayar wa Hyde gonarsa a kan fam 1,000. Hyde ya taya fam 950, Wrench ya ƙi. Hyde ya dawo ya ce to ya amince da fam 1,000 ɗin, mai gona ya ce ya fasa. Kotu ta ce babu ciniki a tsakaninsu.

Akwai bambanci tsakanin mayar da tayi da neman ƙarin bayani. In ka ce “ko za ka yarda in biya kashi biyu?” tambaya ka yi, tayinsa na nan da ransa. In ka ce “na saya, amma kashi biyu zan biya,” ka canza sharaɗi, kuma ka buɗe masa ƙofar fita.

Ya ce ya ajiye mini gidan har mako guda, sai na ji ya sayar wa wani. Ina da haƙƙi?

Wannan yana da ciwo, kuma amsar ta danganta da tsarin dokar ƙasar. A ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila, alkawarin “na ajiye maka” ba ya ɗaure mai gida muddin ba ka ba da komai a madadinsa ba. A 1876 kotun Ingila ta duba shari'ar Dodds, wanda ya rubuta wa Dickinson cewa zai sayar masa da gida a kan fam 800 kuma tayin na nan har ƙarfe 9 na safiyar Juma'a. Kafin Juma'ar ya sayar wa wani, labari ya kai kunnen Dickinson ta bakin wani mutum, ya yi sauri ya kai amincewarsa, amma kotu ta ce tayin ya riga ya janye tun lokacin da ya sami labarin.

Maganin abin shi ne yarjejeniyar zaɓi: ka biya wani ɗan kuɗi, a rubuta cewa kai kaɗai ke da damar saye a kan farashi kaza har rana kaza. A Jamus da wasu ƙasashen Turai dokar ta fi sassauci ga mai saye, domin wanda ya sa wa tayinsa wa'adi yana ɗaure da wa'adin, sai dai tayin gida a can shi ma sai ya bi ƙa'idar rubutu ta musamman.

Mun yi ciniki da baki a gaban shaidu. Bai isa ba?

A cinikin mota ko kaya sau da yawa ya isa. A cinikin ƙasa, a ƙasashe da yawa doka na neman rubutu. Tun 1677 majalisar Ingila ta kafa dokar hana zamba wadda ta ce ba za a tilasta cinikin ƙasa ba sai da takarda mai ɗauke da sa hannun wanda ake ƙara. Dalilin kafa ta shi ne yawan shaidar zur: mutum ya samo shaidu biyu su rantse cewa wane ya sayar masa da gonarsa. Daga can ƙa'idar ta yaɗu zuwa Amurka da sauran ƙasashen da Ingila ta mulka. A 1989 aka ƙara tsaurara ta a Ingila da Wales, inda yanzu sai dukan sharuɗɗan sun shiga cikin takarda kuma ɓangarorin biyu sun sa hannu, in ba haka ba babu yarjejeniya sam. A Jamus rubutu kaɗai bai wadatar ba, sai an ƙulla cinikin a gaban notari, jami'in da hukuma ta ba ikon tabbatar da takardu, ya karanta wa kowa ya ji.

Wasu kotuna, musamman a jihohin Amurka, kan tausaya wa wanda ya yi cinikin baka in ya biya kuɗi, ya tare a gidan, ya kashe dukiya wajen gyara da sanin mai sayarwa. Wannan hanyar ceto ce bayan ɓarna ta auku, kuma tana cin shekaru da kuɗin lauya. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya jingina dukiyar da ya daɗe yana tarawa a kanta ba.

Ta ɗaya gefen kuma, kada a raina ƙaramar takarda. A jihar Bajiniya ta Amurka, wani mai suna Zehmer ya rubuta a bayan takardar lissafin gidan abinci cewa shi da matarsa sun sayar wa Lucy gonarsu a kan dala 50,000, su biyun suka sa hannu. Daga baya ya ce wasa yake yi, kuma ya sha giya a daren. A 1954 kotun ƙoli ta jihar ta ce abin da mutum ya furta ya aikata a fili shi ake dubawa, ba abin da ya ɓoye a ransa ba, ta umarce shi ya miƙa gonar. Takarda mai layi huɗu na iya raba mutum da gidansa in ta ambaci su wane, wane wuri, da nawa.

To me ya kamata takardar ta ƙunsa?

Cikakkun sunaye kamar yadda suke a takardun shaida. Bayanin wurin da lambar rajistarsa da taswirar safiyo, domin adireshi kaɗai ba ya nuna inda iyaka ta tsaya. Farashi, yadda za a biya, da ranar kammalawa. Wanda zai biya haraji, kuɗin rajista da la'adar dillali. Ranar da mai sayarwa zai kwashe kayansa ya ba da makulli, da matsayin 'yan haya in akwai su a ciki.

Wurin da aka fi samun saɓani bayan an gama shi ne kayan cikin gida. Ƙa'idar ita ce abin da aka kafe a jikin gini yana bin gidan, abin da ake ɗagawa kuma na mai shi ne. Amma ina za a sa na'urar sanyaya ɗaki da aka ɗaure a bango, ko farantan sola da ke kan rufi, ko famfon rijiyar burtsatse? Mai saye ya zagaya gida ya ga waɗannan duka, ya sa su cikin lissafinsa, ranar tarewa ya tarar da ramukan ƙusa da wayoyi na reto. A zauna a jera su ɗaya bayan ɗaya a takarda, na tafiya da na zama.

Duk alkawarin da aka yi maka da baki, irin su “zan gyara rufin kafin ka shiga,” ka sa a rubuta shi. Yawancin yarjejeniyoyi na ɗauke da sakin layin da ke cewa abin da ke cikin takardar shi ne dukan abin da aka amince a kai, kuma kotu ba ta cika karɓar shaidar baka don canza rubutacciyar yarjejeniya ba.

Da na sa hannu a yarjejeniya na biya, gidan ya zama nawa ke nan?

Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya tsaya a kanta. A yawancin ƙasashe cinikin ƙasa hawa biyu ne. Hawa na farko yarjejeniyar sayarwa, wadda alkawari ce cewa za a miƙa maka mallaka. Na biyu takardar miƙa mallakar kanta da shigar da sunanka a rajistar filaye ta hukuma. A Jamus, alal misali, mallaka ba ta komawa hannun mai saye sai an rubuta sunansa a littafin rajista. Tsarin da Robert Torrens ya kawo a Kudancin Ostireliya a 1858, wanda ƙasashe da dama suka ɗauka, ya ginu ne a kan cewa wanda sunansa ke rajista shi ne mai wurin.

Haɗarin yana tsakanin hawa biyun. Mai sayarwa marar amana na iya sayar wa mutum biyu, ko ya jinginar da gidan a banki bayan ya karɓi kuɗinka. In na biyun ya saya da zuciya ɗaya, bai san da kai ba, ya kuma riga ka rajista, a wurare da yawa shi doka za ta bai wa gidan, kai a bar ka da bin kuɗinka a hannun wanda wataƙila ya riga ya cinye su. Saboda haka ƙasashe da dama suka tanadi hanyar sa alamar gargaɗi a rajista da zarar an ƙulla yarjejeniya. Ka tambayi lauyanka wannan tun ranar sa hannu, kada takardun su kwana a durowa ana cewa sai an sami sarari.

Ta yaya zan san wanda ke sayar mini yana da ikon sayarwa?

Tsohuwar ƙa'ida ce cewa mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba. Bincike a ofishin rajista shi ne matakin farko, domin can za ka ga sunan mai wurin, da jingina in akwai, da haƙƙin wucewa na maƙwabta, da ƙarar da ke kotu in an yi mata rajista. Sannan ka je wurin da ƙafarka ka ga wanda ke zaune a ciki, domin a dokoki da yawa zaman mutum a wuri sanarwa ce a gare ka cewa yana iya samun haƙƙi a kai.

Gidan gado sai wanda kotu ko doka ta ba ikon kula da dukiyar mamaci, ko magada gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, ko da shi ne babba, rabonsa kaɗai yake iya sayarwa. Gidan tarayya sai duk masu shi sun sa hannu, kuma a wasu ƙasashe gidan da iyali ke zaune sai da yardar miji da mata duka. In kamfani ne, a nemi shaidar cewa wanda zai sa hannun an ba shi izini. In wakili ne, a ga takardar wakilcin, a tabbatar ta ambaci sayar da wannan wurin, kuma wanda ya ba da ita yana raye, domin yawanci wakilci na faɗuwa da mutuwar wanda ya ba da shi. Dillali kuwa aikinsa haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma sai an ba shi izini a rubuce yake iya sallamawa ko karɓar kuɗin gida.

Kuɗin kafin alƙalami fa, in ciniki ya watse wa zai riƙe?

A duba wanda ya jawo watsewar. In mai saye ne ya janye ba da dalilin da yarjejeniya ta yarda da shi ba, yawanci ya yi asararsu. In mai sayarwa ne ya fasa, ko ya kasa nuna sahihiyar mallaka, sai ya mayar. A Ingila an saba da kashi 10 cikin 100 na farashin. Kotu ba ta barin a fake da kafin alƙalami a azabtar da mutum: a 1993, a wata ƙara da ta taso daga Jamaika, alƙalan ɗaukaka ƙara a Landan sun ƙi yarda banki ya riƙe kashi 25 cikin 100 da mai saye ya ajiye, suka ce ya wuce hankali.

Inda aka ajiye kuɗin ya kai yawansu muhimmanci. Ya fi aminci su zauna a asusun amana na lauya ko notari har ranar kammalawa. In sun shiga aljihun mai sayarwa tun farko, hukuncin kotu na cewa ya mayar ba zai haifar da kuɗin da ya riga ya kashe ba.

Rance nake jira daga banki. In bai fito ba fa?

In ba ka sa sharaɗi ba, rashin rancen matsalarka ce, kuma za a ɗauke ka wanda ya saɓa. Sharaɗi shi ne a rubuta cewa cinikin ya rataya a kan samun rance na adadi kaza kafin rana kaza, in bai samu ba kowa ya kama gabansa a mayar da kuɗin ajiya. Haka ake yi wa binciken gini, binciken rajista, da izinin hukuma inda ake buƙatarsa. Sai dai sharaɗi na neman ka yi ƙoƙari da gaske. Wanda bai ko cike takardar neman rancen ba, ba zai ɓuya a bayansa ba.

Na tare sai na ga aibin da ba a faɗa mini ba.

Asalin ƙa'idar Ingila ita ce mai saye ya buɗe idonsa: mai sayarwa ba dole ne ya lissafa maka lahanin gini ba. Amma shiru daban, ƙarya daban. In ka tambaya ko ruwa na shiga ya ce a'a alhali ya sani, ko ya shafe tsagewar bango da fenti don ya rufe ta, wannan yaudara ce, kuma tana ba ka damar warware ciniki ko neman diyya. Yawancin jihohin Amurka yanzu suna tilasta mai sayarwa ya cike takardar bayyana lahanin da ya sani, kuma dokar tarayya ta 1992 ta wajabta bayani kan fenti mai dalma a gidajen da aka gina kafin 1978. Dokar Faransa na kare mai saye daga ɓoyayyen aibi, kamar yadda fiƙihu ya ba shi zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye.

In takarda ta ce ka saya “yadda yake,” to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, lahanin da ido ke gani ya zama naka. Wannan jimlar ba ta wanke wanda ya yi zamba da gangan. Ka yi tambayoyinka a rubuce, ka karɓi amsa a rubuce, ka kuma kawo masanin gini ya duba kafin sa hannu.

Na sayar da araha ƙwarai, yanzu na gane. Zan iya fasawa?

A tsarin Ingila kotu ba ta auna ko farashi ya yi daidai, muddin ba tilas, ba yaudara, ba kuma cin amanar wanda ya dogara da kai. Faransa ta bambanta: mai sayar da gida ko fili da aka cuta da fiye da kashi 7 cikin 12 na ƙimar wurin yana iya neman warware cinikin cikin shekara biyu.

Gobara ta ci gidan bayan sa hannu, kafin a miƙa mini. Asarar wa?

Mutane da yawa na mamakin jin cewa a tsohuwar ƙa'idar Ingila asarar mai saye ce tun daga ranar ƙulla yarjejeniya, kuma sai ya biya cikakken kuɗin. Wasu jihohin Amurka sun bar haɗarin a wuyan mai sayarwa har sai an miƙa mallaka ko mai saye ya tare. Tunda abin ya bambanta haka, a rubuta shi ƙarara a yarjejeniya, kuma a tabbatar akwai inshora a kan ginin a wannan tsakanin.

Ɗayanmu ya saɓa. Me kotu za ta iya yi?

A sauran cinikayya diyyar kuɗi ce magani. Ƙasa kuwa doka na ɗaukar kowane wuri a matsayin wanda ba shi da na biyu, don haka mai saye na iya roƙon kotu ta tilasta mai sayarwa ya cika cinikin, kamar yadda aka yi wa Zehmer. Wannan umarni ba a ba da shi kai tsaye. Alƙali zai duba ko kai ma ka cika naka, ko kuɗinka na nan a shirye, ko ka yi jinkirin kawo ƙara, ko kuma wurin ya riga ya shiga hannun wanda ya saya bai san komai ba.

In diyya ce, ana auna bambancin farashin yarjejeniya da ƙimar wurin a kasuwa, a haɗa da kuɗin da aka kashe a banza kamar na safiyo da lauya. Asarar da ɗayan ɓangaren ba zai iya hangowa ba lokacin ciniki ba ta shiga, kuma wanda aka cuta shi ma ana so ya yi abin da zai rage asararsa.

Na makara da biya kwana biyu. Ciniki ya mutu?

In yarjejeniya ta ce cika lokaci sharaɗi ne mai tsauri, ko sa'a guda na iya kashe shi. In ba ta faɗa ba, yawanci ɗayan zai aiko maka da sanarwa ya ba ka wa'adi na ƙarshe, ya kuma nemi kuɗin jinkiri. Da ka hango za ka makara, nemi ƙarin lokaci a rubuce kafin ranar ta zo.

Akwai kwanakin sake tunani bayan sa hannu?

Sai inda doka ta tanada. A Faransa mai sayen gidan zama yana da kwana 10 ya janye ba tare da asara ba. A wurare da yawa babu wannan damar ko kaɗan.

Lauya ɗaya zai iya yi mana mu biyu don rage kuɗi?

A ƙasashen da ke aiki da notari, shi ɗan tsakani ne da doka ta ɗora wa yi wa kowa adalci, ko da yake ba zai yi maka jayayyar farashi ko sharaɗi ba. Inda lauyoyi ke tsara ciniki, lauyan mai sayarwa amanar mai sayarwa ya ɗauka, kuma takardar da ya rubuta za ta karkata ga wanda ya ɗauke shi. Dokokin aikin lauya a ƙasashe da dama ma sun taƙaita wakiltar ɓangare biyu a ciniki ɗaya. Ka ɗauki naka, ka ba shi daftarin kafin ka biya ko da kafin alƙalami, ka kuma nemi ya nuna maka sakamakon binciken rajista da idonka, mai ɗauke da kwanan watan da bai wuce 'yan kwanaki ba kafin ranar biya.